Fatar cikin mai jego: me za a shafa, me za a guje wa

Barka da arziki, mai jego. Wata tara fatar cikinki tana miƙewa, sai ga shi rana ɗaya ta saki. Mahaifa tana ɗaukar kusan mako shida kafin ta koma girmanta, fata kuwa ta fi haka jinkiri. A wannan tsakanin ne take yin gautsi: ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, wani lokaci ko zane ya goge ta sai ki ji raɗaɗi. Dalili shi ne saman fatar ya yi siriri, ruwan da ke cikinta yana saurin fita, sabulu da zafi da turare kuma suna saurin shiga.

A maganin gargajiyar Indiya, wato Ayurveda, ana ware wa mai jego kimanin wata ɗaya da rabi na kulawa, kusan daidai da arba'in ɗinmu. Jigon kulawar shi ne abhyanga, tausa da mai mai ɗumi, galibi man riɗi. A jihar Kerala ana amfani da man Dhanwantharam, wanda ake dafawa da saiwar wani tsiro da suke kira bala. Ba sai kin yi odarsa daga Indiya ba. Abin da ya fi yi wa fata aiki shi ne man kansa da tausasan hannu, kuma man riɗi da man kwakwa da man kaɗanya duk suna kasuwarmu.

Kafin komai, ki gwada. Shafa ɗan ɗigo a cikin damtsenki, ki bar shi kwana biyu. Idan wurin ya yi ja, ko ya fito da ƙuraje, wannan man ba naki ba ne, ko da ya karɓi 'yar uwarki.

Ga yadda ake tausar. Zuba babban cokali biyu na mai a ƙaramin kwano, ki sa kwanon cikin ruwan zafi na minti uku. Kada ki ɗora mai kai tsaye a wuta, domin yana ɗaukar zafi fiye da yadda ido ke gani. Ɗiga a bayan hannunki, ya zama ɗumi kawai. Kwanta rigingine, ki ɗan lanƙwasa gwiwoyi don ciki ya saki. Da tafin hannu, fara daga ƙasan mara ta dama, ki hau sama, ki ratsa ta saman cibiya, ki sauka ta hagu. Wannan ita ce hanyar da babban hanji yake bi, shi ya sa mata da yawa suke jin sauƙin kumburin ciki. Minti biyar zuwa goma ya isa, ba murza, ba dannawa. Bar man ya zauna minti 15, sannan ki wanke. A Indiya akan wanke shi da garin wani ƙaramin koren wake maimakon sabulu. A nan sabulu marar ƙamshi, kaɗan, ya wadatar. Da kin fito, ki dangwale jiki da tawul, ki shafa man kaɗanya kamar girman gyaɗa tun fatar tana da laima. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, riƙe wanda ke ciki yake yi, saboda haka shafa shi a busasshiyar fata rabin aiki ne.

Ba kowane mai ne ya dace ba. Wani bincike da aka yi a Sheffield ta Ingila, aka wallafa a 2013, ya nuna man zaitun yana raunana saman fata idan aka dinga shafa shi na makonni. Ga fata mai gautsi, mun fi son ki bar shi.

Idan ƙaiƙayi ne ya dame ki, alobera tana sanyaya wuri, amma a nan ake yawan kuskure. Da kin yanko ganyen, ki tsayar da shi a kofi minti 15 har ruwan nan rawaya mai ɗaci ya tsiyaye, don shi ne ke cin fata. Ki fere, ki ɗauki farin tsakiyar kawai, ki ɗauraye. Kurkur kuwa, ki kwaɓa kwatan cokalin shayi a babban cokali ɗaya na kindirmo, ki shafa a fatar na minti goma, sau biyu a mako. Yana rina zane, wasu kuma yana tayar musu da ƙuraje, don haka shi ma sai an gwada.

Sai wankan jego. Darbejiyar da iyayenmu ke fyaɗa ruwa da ita asalinta daga yankin Indiya take, can ma suna dafa ganyenta don wanka. Matsalar tana ga zafin ruwan. Ruwan da ya tafasa yana wanke maiƙon fata, yana ƙona ta, ga shi likitoci a Zariya tun shekarun 1970 sun danganta tsananin zafin wankan jego da yawan kunun kanwa da ciwon zuciya bayan haihuwa. Dafa ganye cikin hannu ɗaya a lita biyu na ruwa minti goma, ki tace, ki sirka a bokiti har gwiwar hannu ta iya zama a ciki ba tare da kin janye ba. A zuba da kofi a kan cikin, ba a fyaɗa ba.

Wadda aka yi wa tiyata, ki saurara da kyau. Babu mai, babu alobera, babu kurkur a kan ɗinki har sai ya rufe gaba ɗaya, ɓawon ya faɗi da kansa, likita ya duba, yawanci wajen mako shida. Kewayen ɗinkin yakan yi kamar ya mutu, ba ya jin zafi sosai, don haka ruwa na iya ƙona ki ba ki sani ba. Idan wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana fitar da mugunya ko wari, ko zazzaɓi ya kama ki, asibiti za ki a ranar.

Ɗaurin ciki al'ada ce a nan da can. Zanen auduga mai tsabta, a ɗaura yadda yatsu biyu za su shige, a kwance da dare. Ki lura da ninkin fatar da ke ƙasan mara, inda zufa ke taruwa. In ya yi ja, ya jiƙe, yana ɗan wari, galibi ƙwayar cutar fata ce da ake kira naman gwari, mai kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Ki bushe wurin sosai, ki nemi maganin shafawa a wajen ma'aikacin lafiya.

Nankarwa fa, babu man da ke goge ta. Tsagewa ce a can ƙarƙashin fata, tana dusashewa da kanta cikin wata shida zuwa shekara ko fiye, haka ma baƙin layin nan na cibiya. Ki guji haɗe-haɗen da ake sayarwa a kwalba marar suna, da man bilicin, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata ya ƙaro wata nankarwar. Magungunan Ayurveda na sha ma sai da hattara: a 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun gwada guda 70, suka sami dalma ko wasu ƙarafa masu guba a cikin 14. Mai shayarwa kada ta sha irinsu sai likita ya gani. Kafur da man zafi kuma kada su hau cikin da jariri zai kwanta a kai, ki wanke hannu bayan tausa kafin ki ɗauke shi.