Sharhi: Kafin a Kira Yaro Daƙiƙi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya shafi wani yaro da kusan kowane malamin firamare a jihar Katsina ya san irinsa, wato yaron da ya kai aji huɗu ko biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba, alhali idan aka aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, idan kuma aka zo hira babu wanda ya fi shi kaifin baki. A gida a ce kansa ba ya ja, a makaranta a kira shi daƙiƙi, maganin da aka fi ba shi kuwa shi ne bulala da maimaita aji. Abin da ba kasafai ake yi masa ba shi ne a zaunar da shi cikin natsuwa, a bincika a gano inda gizo ke saƙa.

Irin wannan bincike ba sabon abu ba ne a duniya. Tun a shekarar 1905 wasu masana biyu a Faransa, Alfred Binet da Theodore Simon, suka tsara gwajin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta, kuma manufarsu ita ce a taimaki yaron, ba a liƙa masa suna ba. Wannan manufa ita ce ya kamata mu riƙe.

Binciken yana da matakai, kuma tsallake na farko zalunci ne. Kafin a ce komai a kan ƙwaƙwalwar yaro, sai an duba idonsa da kunnensa, domin yaron da ba ya hango allo daga bayan aji, ko wanda sanƙarau ko ciwon kunne mai zubar da ruwa ya rage masa ji, zai yi kama da wanda ba ya fahimta, alhali bai ga darasin ba ne ko bai ji shi ba. Haka nan ƙarancin jini, da cutar sikila, da tamowar da ya sha yana ƙarami, da wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da yaro, sai dai ya ɗauke masa hankali na ɗan lokaci, duk suna iya hana karatu zama. Wannan aikin likita ne, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da manyan asibitocinmu suna iya yin mafi yawansa.

Bayan nan ne ake zuwa ga gwajin karatu da rubutu da lissafi da riƙe abu a ka, kuma a nan ne babbar damuwarmu take. Shahararrun gwaje-gwajen da ake amfani da su, kamar na Wechsler wanda ya fara fitowa a Amurka a shekarar 1949, an tsara su ne da Turanci, an kuma auna su da yaran wasu ƙasashe. Idan aka ɗauki yaron Rimi ko Mai'aduwa, wanda Hausa ya tashi da ita, aka jera masa tambayoyi da Turanci a kan abubuwan da bai taɓa gani ba, to iya Turancinsa aka auna, ba basirarsa ba, kuma duk hukuncin da aka gina a kan wannan sakamako ba shi da tushe. Dole ne a gwada shi da Hausa, a ga ko yana iya rarrabe sautukan da ke cikin kalma, ko yana bambanta ba da ɓa, da da ɗa, ka da ƙa, ko kuma yana gane labarin da aka karanta masa duk da cewa shi ba ya iya karantawa. Sannan a tambayi malaminsa na makarantar allo, domin yaron da ke riƙe hadda da ka amma rubutu ya gagare shi ya riga ya nuna mana cewa matsalarsa ba rashin ƙwaƙwalwa ba ce. Mahaifiyarsa ma, wadda ta san lokacin da ya fara magana da irin cututtukan da ya yi, tana da bayanin da babu takardar gwajin da za ta ba da shi.

A ra'ayinmu, gwajin da ya ƙare a cikin fayil ɓata lokaci ne. Dole sakamakon ya koma aji da bayani mai sauƙi ga malami: a dawo da yaron gaba, a koya masa sauti ɗaya bayan ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a bar shi ya amsa wasu tambayoyin da baki, sannan a sake duba shi bayan zango ɗaya ko biyu.

Doka tana bayan wannan yaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta ba kowane yaro haƙƙin karatun shekara tara kyauta, dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci kuwa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin samun ilimi. Jihar nan tana da makarantar makafi a Katsina da ta kurame a Malumfashi, amma yaron da muke magana a kansa ba can ne wurinsa ba, yana nan cikin ajin kowa da kowa. Saboda haka muna kira ga hukumar ilimin firamare ta jiha da ta tura malamai su sami horo a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero ta Kano, ko kwalejin ilimi ta musamman da ke Oyo, har a samu aƙalla ƙwararre ɗaya a kowace daga cikin ƙananan hukumomi 34, wanda hedimasta zai iya kira tun yaro yana aji biyu.