Laccar garaji: idan sanyi ya daskarar da makullin ƙofar mota

An kwafo wannan daga rikodin laccar da wani tsohon makanike ya yi wa matasan direbobi a Damagaram, cikin hunturu.

Assalamu alaikum. To ƙannena, na san wani zai ce a ransa Baba mu da muke Zinder ina ruwanmu da ƙanƙara a ƙofar mota, ai nan sanyinmu bai wuce a hura wuta da asuba ba. Gaskiya ne. Amma rabinku hanyar Tanut da Agadas kuke bi, wasu har Tamanrasat, kuma akwai yaranmu da ke gama jami'a su tafi karatu Faransa ko Kanada, a Montreyal ɗin nan a watan Janairu sanyi na sauka digiri 20 ƙasa da sifili. Ko a sahara ma dare na kai wa ƙasa da sifili, a Janairun 2018 dusar ƙanƙara ta sauka kan rairayin Ain Sefra a Aljeriya.

Abin da ke faruwa ruwa ne kawai. Ruwa na daskarewa a digiri 0, kuma in ya daskare kumbura yake, kusan kashi 9 cikin 100, kun ga yadda buhun ruwa ke tsagewa a firigo ai. To cikin ramin makulli akwai 'yan ƙananan ƙarafa da sifirin siriri kamar gashi, su ne ke motsawa in ka sa makulli, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya riƙe su gam.

Ni na gani da idona a hanyar arewa. Yaron motarmu ya wanke mota da magariba don ya kyauta, da asuba makulli ya shiga rabi ya ƙi juyawa, sai ya sa hannu biyu ya murɗa, ƙas! kan makullin na hannunsa sauran na cikin rami, kuma garaji mafi kusa tafiyar wuni ce. Wallahi har yau ina tuna yadda idonsa ya cika da hawaye. Don Allah kada ku murɗa da ƙarfi, kada kuma ku zuba ruwan zafi na shayi, zai narke nan take amma ka ƙara ruwa ne cikin ramin, in an jima ya sake daskarewa fiye da da, in ya taɓa gilashi mai sanyi ma yana iya tsaga shi.

Fara duba sauran ƙofofin tukuna, wadda ke fuskantar rana takan buɗe. In sun ƙi, ka tuna ruwan wanke hannun nan na lokacin korona? Alkol ne a ciki, shi kuwa alkol sai an wuce digiri 100 ƙasa da sifili yake daskarewa, ka shafa a makulli, ka sa ka cire a hankali, ka ba shi minti ɗaya ko biyu. Makullin ƙarfe zalla na tsofaffin motoci ana iya ɗan ɗumama bakinsa da ashana, amma mai baƙin kai na roba ko mai rimot kar ka kai shi kusa da wuta, akwai na'ura a ciki, in ta ƙone mota ba za ta tashi ba. Wani lokacin kuma makulli lafiya lau, robar bakin ƙofa ce ta manne, sai ka danna ƙofar ciki da tafin hannu sau biyu ko uku ƙanƙarar ta karye, kar ka fizgi mariƙin.

Rigakafin kuwa shi na fi so ku riƙe. Kar a wanke mota da yamma lokacin sanyi, in dole ne a goge robar ƙofa ta bushe a shafa mata gilisirin ko feshin silikon. Ramin makulli garin girafit ake hura masa, wato baƙin cikin fensir, kar ku ɗura man inji ko giris, don nan gida ƙurar hunturu za ta haɗu da man ta zama laka, motoci nawa ake kawo min garaji da wannan matsalar ba tare da sun ga ƙanƙara ba. Masu rimot ku riƙa sa makulli a ramin ko sau ɗaya a wata, batirin rimot na raunana a sanyi, ranar da ya mutu ramin ne kaɗai hanyarka. Kwalbar alkol ɗin kuma a aljihun riga take kwana, in ka bar ta cikin mota ta kulle tare da ita.

To, mai tambaya ya ɗaga hannu.