Karfasarmu ce ta je Filifin aka gyara ta: laccar kiwon kifi a Garwa

Wannan lacca ce da aka yi wa masunta da masu kiwon kifi a Garwa da ke arewacin Kamaru, na kwafo ta daga rikodin ɗin waya yadda aka yi ta, gaisuwar farko kawai na rage.

...to bayan haka iyayena da yayyena, Sarkin ruwa ranka ya daɗe, abu huɗu na zo da su yau: iri, abinci, cuta, sai kasuwa. In Allah ya yarda kafin la'asar mun gama. Na baya kuna jina? Yauwa, a ɗan rage fankar nan.

Kafin na farko bari in taɓa abin da ya tara mu. A 1963 tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa. Madatsar ruwan Lagdo kuma da aka gama a 1982, dattawan da suka riga mu sauka can sun san irin giwan ruwan da ake fiddawa a lokacin, yanzu fa mutum zai kwana cikin jirgi sauro na cinsa ya dawo da abin da bai cika kwano ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022, karon farko a tarihi, kifi da sauran halittun ruwa da aka kiwata sun fi waɗanda aka kamo yawa a duniya, tan miliyan 94 da 'yan kai. Wato duniya ta juya, kiwo ya wuce kamun kifi.

To na farko, iri. Nan ne zuciyata take, ku yi mini haƙuri in na daɗe.

A 1988 aka fara wani aiki a ƙasar Filifin, can Asiya. Cibiyar da ta jagoranta a lokacin sunanta ICLARM, ita ce yanzu ake ce wa WorldFish, hedikwatarta na Penang a Malesiya. Suka haɗu da masanan Filifin ɗin da kuma masana daga Norwe waɗanda dama sun goge wajen gyara irin kifin salmon nasu. Me suka yi? Suka zo Afirka. Ku saurara fa, Afirka suka zo! Suka ɗebi karfasa daga Masar, daga Ghana, daga Kenya, daga Senegal, suka haɗa da iri huɗu da ake kiwo a Asiya, iri takwas kenan, suka cakuɗa jininsu. Daga nan sai zaɓe. Kowace uwa da 'ya'yanta a kejin raga daban cikin ruwa, in sun ɗan tasa a sa wa kowanne alama, a sake su tare, bayan watanni a fiddo a auna ɗaya bayan ɗaya a rubuta, waɗanda suka fi girma su ne za su zama iyayen gaba, kuma ba a haɗa wa da ƙanwa. A sake, a sake, a sake. Zuwa 1997 an yi zaɓe hawa biyar, kifin yana girma da sauri fiye da kakanninsa da kusan kashi 85 cikin ɗari. Shi ne ake kira GIFT, yau ana kiwonsa a ƙasashe da yawa.

Ba allura aka yi masa ba, ba a sa masa jinin wata halitta ba. Abin da Bafulatani ke yi ne in ya ware bijimin da zai bar wa garke, abin da manomin masakwa ke yi ne in ya tsinci manyan zangarniyoyi ya rataye su saboda shukar baɗi. Mun san wannan ilimin tun kaka da kakanni, a kan kifi ne kawai ba mu yi ba. Mu in mun kwashe tafki sai mu sayar da manyan, mu bar ƙananan su haihu. To wa ya taɓa yanka bijimin kirki ya bar wa garke gurgu? (dariya) Amma abin da muke yi kenan a ruwa, shekara da shekaru, sai mu ce wai karfasa ba ta girma.

Kuma wannan karfasar tamu ce. Wadda ke cikin Binuwai, wadda ke kogin Logon da tafkin Maga, jinsi ɗaya ce da wadda aka kai Filifin. Yaran da ke nan, in kun kama mace ku buɗe bakinta a hankali, wani lokaci za ku ga ƙwai jere kamar gero ko 'yan mitsi-mitsin 'ya'ya suna motsi, a baki take renonsu, ba ta cin abinci sai sun fita. Shi ya sa mace ba ta kamo namiji a girma, shi ya sa kuma in ka bar su haka nan a ƙaramin tafki za su cika shi da 'ya'ya kowa ya tsumbure. Me Turawa da mutanen Asiya suka ƙara a kan kifinmu? Sikeli, littafi, da haƙuri. Sikeli, littafi, haƙuri, wallahi shi kenan.

Masar ta yi nata a cibiyar Abbassa tare da WorldFish ɗin, da karfasar kogin Nilu, kuma yau babu ƙasar Afirka da ta kai ta kiwon kifi. Ghana ta yi nata, irin Akosombo, da kifin Volta. To ni haɗin guiwar da nake so kenan, masanan cibiyar binciken noma ta Kamaru, IRAD, da na jami'o'in Ngaundere da Marwa da ta nan Garwa su zauna da na waje kafaɗa da kafaɗa, a gwada a ruwanmu, cikin zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40, da sanyin hunturu da ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa da wuri. Kifin da ya yi fice a Filifin bai san hunturu ba. Akwai shekarar da wasu masu bincike suka zo tafkina, ba zan kama suna ba, kwana uku muna tare, suka yanki ɗan fiffiken kifi suka zuba a kwalabe, suka ɗebi ruwa, muka ci abinci kwano ɗaya, har yau ko takarda ɗaya ban gani ba ta abin da suka samu. Abin ya yi mini ciwo. Duk wanda ya zo muku a karɓe shi hannu biyu, amma ku ce masa sakamakon zai dawo nan, a karanta mana da Hausa da Fulatanci.

Na biyu... a'a tukuna, tarwada ma iri ce. Da can ba ta haihuwa a tafkin kiwo sai an je an tsinto 'ya'yanta a fadama bayan damina. A shekarun 1970 aka yi ta gwaji a Bangi ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, sannan masanan jami'ar Wageningen ta Holan suka ƙara gyara hanyar. Yanzu ga ta a hannun samarinmu: ka yi wa uwa allura da dare, da safe ka naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma ka matsa cikinta a hankali ƙwai na zubowa cikin busasshen kwano, ka fede namiji ka ɗiga ruwansa a kai, ka juya da gashin kaza, ka baza a kan raga cikin ruwa, kwana ɗaya ko da ɗan ƙari ka ga suna wutsil-wutsil. Wannan ɗan gashin kazar ma bincike ne ya kawo shi hannunka.

Abinci kuwa, lokaci na gudu, shi ke cin fiye da rabin kuɗin mai kiwo, kuma na buhu yawanci daga waje yake zuwa. Alhali ga dusar shinkafa a Yagwa da Maga, ga tunkuza, ga ta angurya nan Garwa, sai dai ita angurya akwai wani guba a cikinta da ake ce wa gosifol, ba a cika ta da yawa. A Nairobi cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta yi aiki sosai kan tsutsar wani baƙin ƙuda da ake kiwo da ragowar kayan lambu, tana maye gurbin garin kifi. Don kamo ƙananan kifi daga Lagdo a niƙa a ba na tafki, wannan ɗiban ruwa ne daga rijiya ana mayarwa cikinta, ba a ƙaru ba.

Na huɗu kasuwa. Kifin makero na kankara daga Duwala har cikin unguwanninmu... na'am Baba? A ba shi makirfo.

(Wani dattijo daga Lagdo: Malam, wannan gyararren kifin, in ruwa ya yi ambaliya ya tsere cikin kogi, namu na gado fa?)

Baba ka yi tambayar da ta fi laccar. A shekarun 1950 an saki giwan ruwa a tafkin Victoria, a wurinmu ɗan gida ne, a can baƙo ne, ya cinye ƙananan kifayen tafkin har iri sama da ɗari suka ɓace ko suka kusa. Karfasa kuma in ta tsere ba cinye tamu za ta yi ba, aure za ta yi da ita, jinin ya gauraya, ba kuma mai iya rabawa. Ga cuta, ita ce ta ukun da na tsallake ko? A 2014 aka gano wata ƙwayar cutar karfasa a Isra'ila, daga baya aka same ta a Asiya da Afirka da Kudancin Amurka, kuma jigilar kifi mai rai daga wuri zuwa wuri na cikin abin da ke yaɗa ta. Mu kuma ruwanmu bai san iyakar ƙasa ba, kun ga ambaliyar 2012, abin da ya fita daga Lagdo sai Yola sai Makurɗi. Shi ya sa tun 1964 Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya suka kafa hukumar tafkin Chadi, irin wannan magana a can ya kamata a zauna a kanta kafin kowa ya shigo da baƙon iri.

Mu a nan, kar a haƙa tafki inda ambaliya ke kaiwa, a sa raga mai ƙananan ido a bakin magudana, sabon kifi a ware shi makonni kafin a haɗa da na gida, a kuma tambayi mai sayarwa daga ina iyayen suka fito. Ni dai in za a bi ta tawa, da karfasar Binuwai za mu fara zaɓen.

An kira salla ko? To Baba don Allah bayan la'asar kar ka tafi, ka zauna da ni da ɗaliban nan, ka lissafo mana kifayen da ka daina gani a komarka tun zuwanka Lagdo, bargi ne, yauni ne, kurungu ne, da shekarar da ka ga kowanne na ƙarshe, mu rubuta.