Gidan bakteriya a ƙarƙashin tankin kifin teku

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu huɗu na rubuto a kan abin da ake zubawa a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin nan da ke ɓoye ƙarƙashin babban tankin gilashi, ruwa ya gangaro cikinsa, famfo ya mayar da shi sama.

Na farko, kayan da kuke saya ba su ne ke tace ruwan ba. Gida ne kawai na bakteriya. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce, kuma a ruwan gishiri da ma'aunin pH ɗinsa ke kusan 8.2 ta fi illa. Wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, wasu irin su Nitrospira su mayar da shi naitiret, wanda ya fi sauƙi. Masu kiwon tarwada da ke juya ruwa sun san wannan. Kafin bakteriyar su cika gidan sai an yi sati 4 zuwa 6, ba a yi musu gaggawa.

Na biyu, ramuka. Nan fa nake so mu zauna. Wa ke da randar ƙasa a gida? Hajiya ta ɗaga hannu. Kin ga yadda bayanta ke yin gumi? Ruwa ne ke bi ta ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. To haka dutsen teku yake, wanda ake kira dutse mai rai. A bayansa, inda ruwa ke wucewa da iskar oksijin, masu cin amoniya ke zaune. Can ciki kuwa, inda iska ta ƙare, wasu ne daban, su ke karɓar naitiret su mayar da shi iskar naitirojin ta fice. Dutse ɗaya, unguwa biyu. Shi ya sa masu kiwon murjani, wato halittar tekun nan mai kama da dutse, a Balin ta Jamus, tun shekarun 1970, suka dogara da dutsen nan da na'urar kumfa mai cire datti daga ruwa kawai. Su Siporax da Matrix da MarinePure, kayan masu ramuka da ake sayarwa don zubawa a tankin ƙasa, duk wannan dutsen suke kwaikwayo.

Amma za ku ga an rubuta a kwali wai lita ɗaya tana da faɗin fili kaza. Ni ban cika kallon lambar nan ba. Ramin da datti ya toshe, na wa ne? Na taɓa ɗaga wani bulon yumɓu irin kayan nan daga tankina bayan wata shida, ya yi nauyi, baƙin taɓo na zuba, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Uwargida ta ce ko ni ko shi. (dariya) Laifina ne, ban sa safar tace datti a gabansa ba. Datti a tare shi tun daga bakin ƙofa, sannan ruwa ya isa gidan bakteriya. Ina maimaitawa, tun daga bakin ƙofa. In za ku wanke kuma, da tsohon ruwan tankin, ban da ruwan famfo, kulorin zai kashe su. Rabi yau, rabi wani satin.

Na uku... a'a, na nawa muke? Ƙwallayen roba dai. Bakteriyar da ke kansu suna cin amoniya da sauri, amma ƙwallayen ba su da ciki, naitiret sai taruwa. Kifi zalla, babu laifi. In da murjani kuwa, ku bar ƙwallayen nan.

Na'am, ɗan'uwa? Ku miƙa masa abin magana.

Yana tambaya in an ɗauke wuta fa. Ai wannan ce tambayar da ta shafe mu. Da famfo ya tsaya, ruwan bututu zai koma ƙasa, saboda haka kada ka cika tankin ƙasa har baki, in ba haka ba ka tarar da teku a falo. Ka kashe famfon da kanka ka gwada, ka yi alama da tef. Sannan iska: kifi ne zai fara galabaita, sai ka tanadi ƙaramin famfon iska mai batir. In abin ya yi tsawo, tsamo kayan gidan bakteriyar ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sun fi shan iska a haka. Kada ka ba kifi abinci ranar, kuma wuta na dawowa ka auna amoniya.

Na huɗun ciyawar teku ce, amma ga shi an kira salla. Mai son ji ya same ni a bakin ƙofa.