Kamfanin da ke sayar maka da data, me yake gani?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da wannan lokaci.

Duk sa'ad da aka tayar da zancen sirri a intanet, Facebook da Google ake fara kira. Yau ba kansu zan tsaya ba. Akwai wanda ya fi su kusa da kai, shi ne kamfanin da kake sayen data a wurinsa. Facebook in ka ga dama ka goge shi daga wayarka yau ɗin nan, ka huta. Amma duk shafin da za ka buɗe, dole ta hannun kamfanin layinka zai bi.

Ku ɗauke shi kamar mai adaidaita sahun da kullum shi ke kai ka unguwa. Ba ya bin ka cikin gida, bai san abin da kuka tattauna ba, amma ya san ƙofar da ka shiga, da ƙarfe nawa, da daɗewar da ka yi. Yawancin shafuka yanzu adireshinsu da https yake farawa, wato abin da ka rubuta ko ka karanta a rufe yake. Sunan shafin kuwa galibi a fili yake, domin kafin wayarka ta isa wani shafi sai ta tambayi inda yake, kuma na'urar kamfanin ce ke ba ta amsa. To, ku duba. Mace ta shiga shafin asibitin masu neman haihuwa da ƙarfe biyun dare, sau uku a mako guda. Magidanci ya buɗe shafin caca, bayan awa ɗaya ya buɗe na masu ba da bashi. Ba a karanta musu ko kalma ɗaya ba, amma an san abin da ko danginsu ba su sani ba. Irin wannan sanin ne masu talla ke biyan kuɗi a kansa.

Kada wani ya ce hasashe nake yi, abin ya faru. A Birtaniya, kamfanin sadarwa na BT ya haɗa kai da wani kamfanin talla mai suna Phorm, suka gwada na'urar da ke leƙa shafukan da mutane ke buɗewa don a zaɓa musu talla. A gwajin 2006 kaɗai an bi sawun masu hulɗa da kamfanin kusan 18,000, ba a gaya wa kowa ba. Suka sake yi a 2007. Da asiri ya tonu aka yi ta ce-ce-ku-ce, har Hukumar Tarayyar Turai ta fara tuhumar gwamnatin Birtaniya a 2009 kan gazawarta wajen kare sirrin jama'a. A shekarar ce BT ya janye. Ba a gurfanar da kowa a kotu ba.

Na Verizon a Amurka shi na fi so ku saurara da kyau, domin kamfanin wayar hannu ne irin waɗanda muke amfani da su. Tun ƙarshen 2012 yake liƙa wata lamba ta musamman a jikin kowace buƙata da wayar mutum ta aika zuwa shafin da ba a rufe ba. Ba a cikin wayar ake ajiye lambar ba, a hanya ake manna ta, bayan saƙon ya bar hannunka. Saboda haka ka share tarihin bincikenka, ka goge duk abin da shafuka suka ajiye a wayar, ka buɗe tagar nan da ake ce mata ta sirri, duk a banza. Sai a 2014 jama'a suka farga. Farkon 2015 wani mai bincike, Jonathan Mayer, ya nuna cewa wani kamfanin talla mai suna Turn yana amfani da lambar wajen dawo da alamun bibiyar da mutane suka goge da hannunsu. Mutum ya ce ba ya so a fili, an maida masa ta bayan gida. Hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ci Verizon tarar dala miliyan 1.35 a 2016. Ga kamfanin da ke samun biliyoyi, wannan ba tara ba ce da za ta hana shi barci.

AT&T kuwa, wani kamfanin sadarwa na Amurka, bai ma ɓoye ba. A birnin Austin ya ce intanet mai sauri dala 70 a wata in ka yarda a bi sawunka, in ba ka yarda ba dala 99. Wannan ya fi ci mini rai, domin ma'anarsa mai hali ya sayi sirrinsa, talaka ya sayar da nasa. Sun daina a 2016.

A Oktoban 2016 FCC ta kafa ƙa'ida cewa sai kamfani ya nemi izininka tukuna kafin ya yi amfani da tarihin shafukanka. Ba ta kai ga fara aiki sosai ba, majalisar dokokin Amurka ta soke ta a Maris 2017, a majalisar dattawa da ƙuri'a 50 da 48, Shugaba Trump ya sa hannu. Hujjar kamfanonin ita ce Google ma yana yi, don me za a ɗaure su a bar shi? Ni wannan hujja ba ta shige ni ba. Google kyauta kake shiga, kuma akwai madadinsa. Kamfanin layi kuɗi ka biya shi, aikinsa ya kai saƙo ya dawo da amsa. In ya ci kuɗinka kuma ya sayar da labarinka, ya ci sau biyu, kuma ya ci amana.

Mu a Nijeriya akwai abin da ya sa maganar ta fi nauyi. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Layinka yana ɗaure da sunanka na gaskiya, da hotonka, da zanen yatsunka, kuma da shi bankinka ke aiko maka da saƙo. Ba zargin wani kamfani nake yi ba. Ina cewa ne duk bayanin da aka tara a kan layi a ƙasar nan, a kan mutum sananne aka tara shi.

Muna da doka. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, aka kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ce shirun mutum ba yarda ba ne, ta kuma ba ka 'yancin hana a yi amfani da bayananka wajen tallata maka kaya. Kana iya rubuta wa kamfani ka tambaye shi abin da ya ajiye a kanka da wanda ya ba wa, in ya yi kunnen uwar shegu ka kai ƙara hukumar. Lambar nan 2442 da ake tura wa STOP tana tsayar da saƙonnin talla ne kawai, ba ta hana tara bayanai, kada a rikita su.

Matasa za su ce a saka VPN, wato manhajar da ke bi da saƙonnin wayarka a rufe ta na'urar wani kamfani daban. Yana ɓoye wa kamfanin layi sunayen shafuka, gaskiya ne, amma mai VPN ɗin ne yanzu yake gani, kuma na kyautan nan da yawansu da bayanan mutane suke ciyar da kansu. Ban da haka, gyatumar da jikanta ya saita mata waya don sauraron karatu, wa zai saka mata? Shi ya sa nake cewa nauyin a kan kamfani ya kamata ya hau. Ya tambaya kafin ya taɓa, da harshen da mai layin yake ji, Hausa ko Kanuri ko Fulfulde, kuma wanda ya ce a'a kada a ƙara masa ko kwabo a kuɗin data.

Na ga shugaban taro yana duba agogo, zan dakata a nan. Masu tambaya bismillah, a fara daga ɓangaren mata.