Wasan rediyon lokacin yaƙi ya hau dandamali

Dubi teburin nan da ke gefen dandamali. Ga ɓawon kwakwa biyu, ga faranti cike da tsakuwa, ga wata 'yar ƙofa da ba ta fi kamu ɗaya ba, amma har da sakatarta. Dattijon da ke tsaye a wurin da kayan nan yake yin sauti: shi ne sukuwar doki, shi ne takun mai tafiya, shi ne baƙon da ya banko ƙofa. A tsakiya kuma tsofaffi maza da mata ne cikin shigar shekarun 1940, kowa da takardarsa a hannu, sun kewaye makirufo ɗaya. Irin wannan wasa ake yi a ƙananan zauruka na garuruwan Birtaniya, musamman lokacin bukukuwan tunawa da Yaƙin Duniya na Biyu.

To me suke kwaikwaya?

Ranar 1 ga Satumba 1939, BBC ta rufe talabijin ɗinta, aka kuma hana barin haske ya fita waje da dare saboda jiragen Jamus. Mutane suka koma ɗaki, rediyo ya zama abokin hira. Masu shirye-shiryen nishaɗi aka kwashe su daga Landan zuwa Bristol, da bama-bamai suka matsa wa Bristol sai aka sake mai da su Bangor, a arewacin Wales, a 1941.

Shirin da ya fi tashe shi ne ITMA (It's That Man Again, wato ga mutumin nan kuma) na ɗan barkwanci Tommy Handley, wanda ya gudana daga 1939 har rasuwarsa a 1949. Ƙofa ce jigonsa: a buɗe, wani ya shigo ya yi maganarsa da kowa ya haddace, a rufe garam, wani ya shigo. Akwai ɗan leƙen asirin Jamus mai suna Funf, wanda Jack Train ke yin muryarsa ta hanyar magana cikin kofin gilashi. Mai sauraro a 1940 bai taɓa ganin kofin nan ba. Yau kuwa a gaban jama'a ake ɗaga shi, kuma a nan dariyar take, domin gaskiya yawancin barkwancin ya tsufa, sai wanda ya san zamanin rabon abinci da kati ke gane shi.

Waƙoƙin ne ba su tsufa ba. Da an ɗauko na mawaƙiya Vera Lynn, wadda shirinta na 1941 ke isar da gaisuwar iyali ga sojojin da ke fagen daga, sai zaure duka ya amsa.

Su waɗannan 'yan wasa fa kusan duk ba su yi yaƙin ba. Wanda aka haifa a 1945 ya cika shekara 80 a 2025. Yawancinsu a bakin iyaye suka ji waƙoƙin, sauran kuma suka koya daga tsofaffin faya-fayai. Riƙe takarda ma ya yi musu daidai: ba sai an haddace ba, kuma haka ainihin 'yan rediyon suke yi. Gwanintar tana wajen juya shafi ba tare da makirufo ya ji ba.