Aikin Hannu a Lokacin Rashi da Damuwa: Jawabi ga 'Yan'uwa Mazauna Ingila

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu maza da mata, malamanmu, yayyena da ƙannena, da 'ya'yanmu da aka haifa a nan, ina yi muku sannu da zuwa, musamman waɗanda suka taso daga Landan da Bamingam cikin wannan sanyi. Kafin komai ina miƙa ta'aziyya ga duk wanda ya yi rashi tun daga taronmu na bara zuwa yau. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba mu haƙurin rashinsu, ya sa mu cika da imani.

An nemi in yi magana a kan yadda mutum zai riƙe kansa a lokacin rashi da damuwa. Malamai sun fi ni sanin babin haƙuri da ladansa, saboda haka zan tsaya a kan ɓangare guda wanda ba kasafai ake kawo shi a taro ba, wato abin da hannun mai baƙin ciki yake yi bayan masu gaisuwa sun watse.

Ku tuna yadda mutuwa take zuwa mana a ƙauyukanmu na ƙasar Ringim da Gumel da Haɗeja, ko na Wudil da Kura da Dawakin Tofa. Kafin labari ya gama zaga gari, samari sun ɗauki diga da shebur sun nufi maƙabarta, wasu sun tafi saro itacen da za a jera a kabari, wani dattijo ya zauna haɗa likkafani, mata sun ɗora ruwa, maƙwabta sun hura wuta domin gidan mamaci ba zai yi girki ba. Bayan an dawo daga kai shi makwanci sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana ta shigowa ana cewa ya haƙuri, har kwana uku. Daga nan kuma gona tana jira. Idan damina ce, ciyawa ba ta ɗaga wa mai makoki ƙafa, dole ya ɗauki fartanya. Idan kaka ce, ga girbi, ga sussuka, ga ɗaurin dami. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan a matsayin magani, amma tsarin rayuwar ya tanadar wa mai rashi mutane a gefensa da aiki a hannunsa.

A nan kuwa labarin yakan iske mu ta waya, sau da yawa muna tsakiyar aikin dare ko muna bisa hanya, kuma kafin mu isa gida mu zauna an riga an yi salla an binne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafarmu ba ta isa inda ake bukatarta. Ba mu ɗauki makara ba, ba mu zuba ƙasa ba, abin da ya rage mana shi ne mu aika kuɗi mu yi ta sauraron saƙonnin murya a WhatsApp. Da yawa daga cikinmu sun ɗanɗana wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da tankar mai ta fashe a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka rasu aka yi musu jana'iza tare. Mun ɗanɗana shi a ambaliyar 2022 da ta cinye gonaki da gidaje a sassan Jigawa da dama. Waɗanda suke can sun yi haƙa, sun yi jinya, sun yi kwashe kaya. Mu da muke nan mun kwana muna maimaita kallon hotuna iri ɗaya, washegari muka koma bakin aiki kamar ba abin da ya faru. A ganina wayar hannu ita ce mafi munin abokiyar hira ga mai baƙin ciki, domin tana cika ido da kunne, ta bar hannu da zuciya babu abin yi.

Ga kuma damuwar yau da kullum wadda ba sai an yi mutuwa ba: takardun zama, kuɗin haya, bukatun gida da ba su ƙarewa, tsohuwa ba ta da lafiya kana nesa, tarbiyyar yara a ƙasar da ba tamu ba, da hunturun da rana take faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Iyayenmu mata sun san wani abu a kan wannan. Macen da mijinta ya rasu tana zaman takaba wata huɗu da kwana goma, kamar yadda Alƙur'ani ya hukunta a Suratul Baƙara, kuma a karkara ba ta yin waɗannan watanni tana kallon bango. Za ta gurje auduga ta fitar da angurya, ta shiɓe ta, ta shafa alli a yatsu ta kama mazari tana kaɗi, zare yana taruwa kullum kaɗan kaɗan. Wata faifai take saƙawa, wata tabarmar kaba, musamman a ƙasar Haɗeja inda goruba take da yawa. Mai niƙa a dutse kuwa tana waƙa, kuma a cikin waƙar niƙa mace takan faɗi abin da kunya ba za ta bar ta ta faɗa a zance ba. Maza ma haka suke: dattijo yana gindin bishiya yana tufkar igiyar rama, saurayi yana ɗinkin hula, gardi yana zayyana a allo, marinan Kura suna tsoma yadi a baba, mabuga suna bugu har turkuɗi ya yi sheƙi. Gaskiya ne bukata ce take sa su yin waɗannan ayyuka, kuma wahalar da ke ciki ba ƙarama ba ce, ba na so mu ƙawata talauci don mun yi nisa da shi. Amma tare da ɗan kuɗin da suke samu, aikin yana ba su wata fa'ida wadda mu muka rasa ba tare da mun lura ba.

Fa'idar ita ce wannan. Tunanin mai baƙin ciki kewaye yake yi, yana dawowa wuri guda: da na kira shi ranar nan, da na aika kuɗin asibiti da wuri, da na je gida bara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu cewa irin wannan “da na yi kaza” tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. To amma ba a korar tunani da umarni, duk wanda ya gwada ya sani. Abin da yake sassauta shi shi ne a ba hankali wani abu da zai riƙe. Mai ɗinkin hula dole ya ƙirga, dole ya lura da inda allura za ta shiga da inda za ta fito, kuma zuciya ba ta iya ƙirga ɗinki tana tuhumar kanta a lokaci guda. Bayan haka, mutuwa takan nuna wa mutum cewa babu abin da yake hannunsa, aikin hannu kuma yana nuna masa abu ƙarami wanda shi ya fara shi, yana ganin ƙaruwarsa, kuma zai ga ƙarshensa.

Masana halayyar ɗan Adam sun iso kusa da wannan ta tasu hanyar. A 1999 wasu masu bincike biyu a ƙasar Holan, Margaret Stroebe da Henk Schut, sun bayyana cewa mai rashi yana kai da komo ne tsakanin fuskantar rashin da kuma komawa ga harkokin rayuwa, kuma wannan kai da komo shi ne lafiya, wanda ya maƙale a ɓangare guda shi ne yake shan wuya. Abin ya yi kama da mai ɗauke da kaya a ka zuwa kasuwar Maigatari: idan ya sauke a gindin bishiya ya huta, bai yar da kayan ba, hutun ne ma zai ba shi ƙarfin sake ɗauka. Saboda haka wanda ya samu rabin sa'a hankalinsa yana kan zare ko tawada, kada ya ji kamar ya ci amanar mamacinsa. A 2019 kuma ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na nahiyar Turai ya fitar da rahoton da ya tattara bincike masu yawa a kan amfanin fasaha ga lafiya, kuma a nan Ingila likitoci suna iya tura mutum zuwa ƙungiyoyin lambu ko saƙa ko zane a matsayin wani ɓangare na kula da shi.

Na san akwai wanda zai ce a ransa, ashe addu'a da tawakkali ba su isa ba? Ba na kawo wannan domin ya maye gurbin salla da karatun Alƙur'ani da addu'ar da aka koya mana ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki. Amma ku duba abin da uwar muminai Nana A'isha take yi: idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka watse, sai ta sa a dafa talbina, wani irin kunu na sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa tana kwantar da zuciyar mara lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Ashe kula da mai rashi ta hanyar abin da hannu ya yi yana da asali a addini. Ku duba kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ba wanda zai tuhumi iliminta ko tawakkalinta. Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, waƙar marsiyya ta rubuta masa, haka ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, haka ta yi wa aminiyarta A'isha. Ta zuba baƙin cikinta a cikin baitoci masu ma'auni da amsa-amo, kuma ta dalilin haka har yau muna sanin halayen waɗannan bayin Allah.

Rubutu yana cikin abin da kowa zai iya ko da ba shi da wata sana'a. Wani masani a Amurka, James Pennebaker, ya yi gwaji a 1986 inda ɗalibai suka riƙa rubuta abin da ya fi damunsu na minti 15 a kwana huɗu a jere. Da farko rubutun ya tayar musu da hankali, amma a watannin da suka biyo baya zuwansu asibiti bai kai na ɗaliban da ba su yi irin wannan rubutu ba. Mu muna da dalilin da ya fi wannan ƙarfi. 'Ya'yanmu na nan da yawa ba su san kakanninsu ba sai a hoto. Wanda ya zauna ya rubuta, da boko ko da ajami, sunan gonar mahaifinsa, da irin maganar da yake yi idan ya yi fushi, da yadda mahaifiyarsa take haɗa dambu ko miyar kuka, ya rage wa kansa nauyi, ya kuma bar wa yaransa abin da ba za su samu a ko'ina ba.

Shawarata ita ce kowa ya zaɓi abu guda, ƙarami, ya ba shi lokaci sananne, ko bayan sallar asuba ko bayan isha'i, ya ajiye waya a wani ɗakin. Kada a sa wa abin buri, kada a ce sai ya yi kyau ko sai an sayar, domin da zarar ciniki ya shigo, damuwa ta samu sabuwar ƙofa. Aikin da Allah ya fi so, kamar yadda ya zo a hadisi, shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ƙyallen hula da zare da allo da alƙalami ba su da nauyi, duk mai dawowa daga Kano zai iya sayowa a kasuwar Kurmi. Wanda jininsa na noma ne, ƙananan hukumomin ƙasar nan suna ba da hayar 'yan filaye don shuka, ko da yake a wasu garuruwan jiran yana da tsawo, kuma kafin nan tukunya a bakin taga ta isa a shuka alayyafo ko albasa.

Ina da magana ta musamman ga 'yan'uwana maza. An tashe mu a kan cewa namiji ba ya kuka, sai mu haɗiye abin mu ƙara sa'o'in aiki, muna zaton gajiya za ta kashe tunani. Amma labarin zuciya a tambayi fuska, kuma matanmu da 'ya'yanmu su ne suke ganin fuskar: saurin fushi, shiru mai tsawo, rashin barci. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba mu faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Namijin da ba zai iya zama ya ce ga abin da yake damuna ba, sau da yawa yakan iya faɗa idan hannunsa yana kan wani aiki, ɗan'uwansa yana gefe yana nasa.

Dole kuma in faɗi iyakar wannan magana. Akwai baƙin cikin da ya wuce allura da zare. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta amince cewa baƙin cikin rashi idan ya daɗe fiye da wata shida da tsananinsa, ya hana mutum gudanar da rayuwarsa, ya zama larurar da take bukatar kulawa. Wanda ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa makonni, ko tunanin cutar da kansa yake zuwa masa, ya ga likita ba tare da jinkiri ba, mu kuma mu raka shi, kada mu tsaya a kan ce masa ya yi haƙuri kawai. Zuwa wurin likita ba ya rage imani, kuma ba ya hana addu'a.

A ƙarshe, mai girma shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Muna da asusun taimakon wanda aka yi wa rasuwa, kuma yana aiki, amma kuɗi ne kawai yake kaiwa. Ina roƙon a ware Asabar ɗaya a kowane wata, a kama ɗaki na sa'a biyu ko uku, iyayenmu da suka iya kaɗi da saƙa da ɗinkin hula da zayyana su koya wa sauranmu da yaranmu. Ina roƙon mata su tsara yadda duk 'yar'uwar da ta shiga takaba a nan za ta riƙa samun masu zuwa su zauna da ita da abin aikinsu a hannu, har ta fita. Ina kuma roƙon a buɗe littafi na ƙungiya, inda duk wanda ya yi rashi zai samu shafi ya rubuta ko wane ne mamacinsa, da garinsu, da abin da yake so a tuna da shi. Idan an amince, a naɗa mutum uku, mace biyu da namiji ɗaya, su kawo mana tsarin da kuɗin da zai ci a zama mai zuwa, ni kuma a shirye nake in kasance cikin masu hidimar.

Na gode da sauraro. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.